Wace ƙaramar tarakta ce ta dace da sana'ar yankan ciyawa?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kaduna, kayan gini nake sayarwa. Makarantu biyu masu zaman kansu da wani rukunin gidaje sun yi mini tayin kwangilar yankan ciyawa, har da filin ƙwallo. An nuna mini wata ƙaramar tarakta ta hannu, wato wadda aka taɓa amfani da ita, 'yar Japan mai araha, wani kuma ya ce in ƙara kuɗi in ɗauki babba irin ta gona. Wacce za ta fi mini?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Kafin ka koma wurin dillali, je ka taka filayen nan da ƙafarka, domin su ne za su zaɓa maka tarakta. Duba faɗin ƙofar shiga, da tazarar bishiyoyi, da inda ruwa ke kwanciya, da duwatsu da guntayen bulo da ke ɓoye cikin ciyawa.

Babbar ta gona, irin Massey Ferguson 375 da muka saba gani, ka cire ta daga lissafi. Ƙarfin doki wajen 75 gare ta, an yi ta ne don jan garma. Ranar da ta hau filin ƙwallo bayan ruwan Agusta, tayoyinta masu manyan haƙora za su bar kwari biyu daga wannan raga zuwa waccan, shugaban makaranta kuma ba zai sake kiranka ba. Mai ƙarfin doki 25 zuwa 35 ta ishe ka, da sharaɗin a sa mata tayoyin ciyawa, masu faɗi da ƙananan zane.

Abin yankan ya fi taraktar muhimmanci, kuma nan mutane ke yin sakaci. Wanda ake kira sulasha, mai kauraran wuƙaƙe biyu, shi ne na ciyawar da ta kai gwiwa da ƙananan sabara, sai dai askinsa ba ya yin sumul, yana kuma cilla dutse da ƙarfin gaske. Kada a kunna shi yara na harabar makaranta, ko da wasa. Filin ƙwallo yana son mai ƙananan wuƙaƙe uku da tayoyinsa na daidaita tsayi. In kuɗinka na ɗaya ne, fara da wanda ya dace da filin da ya fi biyanka. Mai faɗin mita 1.5, a tafiyar kilomita 5 cikin awa, yana share murabba'in mita 7,500 a takarda, wato kusan cikakken filin ƙwallo. Da juye-juye da tsayawa, ka sa awa ɗaya da rabi, a kan haka za ka yanka farashi.

Ita 'yar Japan ɗin ba na kushe ta. Kubota da Yanmar da Iseki injina ne masu ƙarko da tsimin dizal. Amma da yawan na hannun an ƙera su ne don gonakin shinkafar can, da tayoyin taɓo. Tafi da makanikinka, ba na mai sayarwa ba. Ya tabbatar sandar bayan da ke juya abin yanka tana bada juyi 540 a minti, kuma ƙugiyoyi ukun nan na baya za su karɓi kayan da ake samu a nan. A tada ta da sanyin safiya, ka kalli hayaƙin, ka leƙa ƙarƙashi ko mai na ɗiga. Agogon awanni kuwa kada ka dogara da shi, ana sauya shi. Sannan rubuta lambar injin, ka zaga kasuwar Panteka da shagunan safaya, ka tambayi matatar mai da ta iska da faifan kuloci da famfon ruwa. In aka ce sai an yi oda daga waje, bar ta komai arharta. Sati uku a ajiye cikin damina ya isa ya cinye kwangila.

Abin da ya fi damuna shi ne lissafin shekara. Ciyawa a Kaduna daga wajen Mayu zuwa Oktoba take, sauran watannin babu yanka sai filin da ake yi wa ban ruwa, alhali albashin direba bai san rani ba. A nan sana'arka ta yi maka rana: haɗa mata ƙaramar tirela ta riƙa kai wa abokan cinikinka siminti da bulo a kusa, ko ka sa mata na'urar kaftu masu lambun rani su yi haya. Saboda haka mai giyar hannu da jan ƙafa huɗu za ta fi maka amfani, gyaranta ma ya fi sauƙi a wurin makanikanmu.

Kada ka taɓa jarin shago a kan alkawarin baka. A rubuta yarjejeniya ta aƙalla damina ɗaya, da yawan yanka a wata, da ranar biya, a ba ka wani kaso kafin aiki. In sun yi jinkirin sa hannu, yi hayar tarakta ka yi musu wata biyu, ka rubuta dizal da awanni da duk wuƙar da ta karye, sannan ka dawo mu duba ko sayen zai fitar da kansa.