Macijin masara a Damagaram: a auna zafin ɗaki kafin a biya kuɗi

Tambaya daga wani ɗalibi a Zango: Salamu alaikum. Na ga ana tallar macijin masara a intanet, mai sayarwar ya ce sai na haɗa da tabarmar ɗumama akwati da fitila. In sayi duka?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna. Macijin nan asalinsa kudu maso gabashin Amurka ne, ba shi da dafi, ɓera yake maƙurewa ya haɗiye. Yakan kai santimita 90 zuwa 150, yana kuma rayuwa shekara 15 zuwa 20 idan ya samu kulawa, don haka ba abin marmarin wata biyu ba ne.

Shawarar mai sayarwar ta ƙasashen sanyi ce. Mu a nan zafi ne abin tsoro. Maciji ba ya gumi, jikinsa yanayin wurin yake bi, shi ya sa ake raba masa akwati gida biyu: gefe ɗaya digiri 28 zuwa 30, ɗaya gefen 22 zuwa 25, ya riƙa kai da kawo. Idan akwatin duka ya haura 32 ba inda zai fake, sai ya daina ci, ya amayar da abin da ya haɗiye, in abin ya daɗe ya mutu. Kai ma ka san Afrilu da Mayu a Damagaram sukan wuce 40. To abin da za ka fara saye shi ne ma'aunin zafi. Ajiye shi a ƙasan ɗakin da kake nufi, ka riƙa dubawa da azahar da la'asar har mako guda cikin bazara. Ɗakin kwano marar silin ka manta da shi. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango irin na Birni ya fi, amma shi ma sai an auna. Panka ba ta rage wa maciji komai, iskar zafin kawai take juyawa. Gorar ruwa mai ƙanƙara da aka naɗe da tsumma, a jingina ta a gefe ɗaya na akwatin, takan ceci rana guda idan an ɗauke wuta, amma ba za ta riƙe maka wata biyu ba. Idan ba ka da ɗakin da zai zauna ƙasa da 30 duk bazara, wallahi haƙuri ya fi.

Tabarmar tana da amfani a dararen Disamba da Janairu. A sa ta ƙarƙashin kashi ɗaya cikin uku na akwatin, tare da na'urar da ke yanke wuta idan zafi ya kai 30, in ba haka ba takan ƙona masa ciki. Fitilar ka bar musu. Akwatin babban maciji ya kai santimita 120 a tsawo, 60 a faɗi, da murfi mai sakata, domin duk ramin da kansa ya shiga, jikinsa zai bi. Sa maɓoya biyu, ɗaya a kowane gefe, da kwanon ruwa mai nauyi. A shimfiɗa takarda. Yashi da garin katako na kafinta suna shiga baki da hanci.

Kuma kada ka karɓi maciji daga hannun wanda ya kamo shi a daji. Macijin masara ba ya rayuwa a dajinmu, amma kububuwa tana nan, ana iya miƙo maka ita da sunansa, ƙarama ce mai zane a baya, dafinta kuwa yana kisa. Macijin masara na gaskiya santsi ne da shi, baƙin idonsa zagaye, cikinsa galibi zanen fari da baƙi ne murabba'i-murabba'i. Kububuwa kaushi gare ta, baƙin idonta a tsaye, tana goga jikinta ya yi ƙara. Ka kuma leƙa wurin ma'aikatan daji ka tambayi takardun da ake bukata, ka sanar da mutanen gida, don maƙwabcin da ya gan shi a tsakar gida sanda zai ɗauko.

Wata uwa daga Sabon Gari: Ɗana yana da shi, yana so ya riƙa ba shi ɓerayen da tarko ya kama a rumbu.

Hajiya, a hana shi. Ɓeran gida yana ɗauke da tsutsar ciki, wataƙila ma ya ci guba a maƙwabta, kuma mai rai yakan ciji macijin a ido ko a baya. Fararen ɓeraye ake kiwo daban, a kashe su a daskarar. Ranar ciyarwa a sa ɗaya a leda, a tsoma cikin ruwan ɗumi har ya narke ciki da waje, a miƙa da dogon hantsaki. Wanda ya narke saboda ɗaukewar wuta ya kwana, a zubar. Kaurin ɓeran kada ya wuce ɗaya da rabi na inda macijin ya fi kauri. Jaririn maciji yana cin jinjirin ɓera duk kwana 5 zuwa 7, babba duk kwana 10 zuwa 14. Bayan ci a bar shi awa 48 ba taɓawa. Idan ya yi amai, a jira mako biyu, sannan a ba shi ƙarami. Yaron ya wanke hannu da sabulu duk sanda ya taɓa shi, saboda ƙwayar salmonela mai kawo zawo da zazzaɓi, kuma kada a wanke kwanon macijin cikin kwanukan abinci.

Daga Garin Malam: Macijina yana saɓa guntu-guntu tun shigowar hunturu.

Bushewar iska ce, Malam. Yana son laima kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, hunturunmu kuwa bai kusa da haka ba. Da ka ga idonsa ya yi hazo kamar shuɗi, saɓa ta kusa. Samo roba mai murfi, ka huda ƙofa daidai jikinsa, ka sa tsumma mai damshi, ba mai ɗiga ba, ka ajiye a gefen sanyi. Bayan ya gama duba saɓar: murfin idanu biyu da ƙarshen wutsiya su fita. Wadda ta maƙale a wutsiya tana tsuke jini har wurin ya mutu ya faɗi. Kada ka ɓare da farce. Jiƙa shi minti 15 a ruwa mai ɗan ɗumi wanda bai rufe bayansa ba, sannan ka bari ya ratsa cikin jiƙaƙƙen tawul a hannunka.