Me Ya Sa Abinci Ke Tsaya Mini a Ciki Idan Ina Zazzaɓi?

Tambaya: Likita, duk lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kama ni, ɗan abincin da na ci da safe sai ya zauna mini a ciki har dare, ga tashin zuciya. Maganin ne ke jawo haka, ko ciwon? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, magani na iya ƙara tashin zuciyar, amma mai yiwuwa tushen abin garkuwar jikinki ce. Tumbi jaka ce ta tsoka, kuma a bangonsa akwai wasu ƙwayoyi masu ɗauke da sunan masanin Sifaniya Ramón y Cajal, waɗanda ke fitar da bugun lantarki kusan sau 3 a minti ɗaya. Da wannan bugun tsokar ke matsewa ta niƙe abinci ta tura shi hanji, jijiyar bagus kuma, wadda ta haɗa ƙwaƙwalwa da ciki, tana daidaita ƙarfin matsewar.

Idan ƙwayar maleriya ta fasa jajayen ƙwayoyin jini, garkuwar jiki kan saki sinadaran kai saƙo da ake kira saitokain, musamman TNF-alfa da IL-1 da IL-6, su ne kuma ke ɗaga zafin jiki. Gwaje-gwaje a kan dabbobi sun nuna cewa TNF-alfa na isa mazaunin jijiyar bagus a gindin ƙwaƙwalwa, ya rage umarnin da take aika wa tumbi. A bangon tumbin kuwa, saitokain na zuga ƙwayoyin garkuwa da ke tsakanin tsokar su fitar da naitirik oksaid da yawa, sinadarin da ke sassauta tsoka, sai matsewar ta yi rauni abinci ya daɗe bai wuce ba. Kusan haka ke faruwa bayan tiyatar ciki, shi ya sa likita ke tambayar majinyaci ko ya fitar da iska, alamar hanji ya koma aiki.

Da zarar ciwon ya lafa, tumbi kan koma aikinsa. Kafin nan, ki riƙa shan kunu ko koko kaɗan-kaɗan, ki bar tuwo mai nauyi da soye-soye, domin maiƙo ma yana jinkirta tumbi. Sai dai maganin maleriya mai suna atemeta-lumefantirin na buƙatar ɗan maiƙo kafin jiki ya karɓe shi sosai, don haka ki sha shi da madara. Idan kuwa amai ya hana maganin zama, ki garzaya asibiti, domin a lokacin allura ake buƙata.