Tambayi Anti: Na gama kimo, ɗana zai kai ni Turkiyya, amma maganar ta'amin (inshora) ta tsaya min a wuya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya jama'a. Ni dai a Jidda nake wajen Ghulail, shekarata 52, a nan na yi aure a nan na haifi yarana duka amma har yau fasfo ɗin Najeriya ne da ni da igama, wato katin izinin zama. Bara aka gano ina da sankarar mama, aka yi min aiki, na yi kimo, wato ƙarin ruwan maganin sankara, zagaye shida aka kuma yi gashi da na'ura, alhamdulillah wata bakwai kenan da gamawa, yanzu ƙwayar tamoxifen kawai nake sha kullum sai zuwa ganin likita lokaci-lokaci. To babban ɗana ne ya ce zai kai ni Turkiyya in ɗan sha iska kwana goma, Istanbul da Trabzon, wai na ga wuya ya kamata in ga kore. Da ya je maktab, wato ofishin masu sayar da tikiti, mutumin ya ce zai yanko mana ta'amin mai arha wanda ake sakawa a fayil ɗin biza, ɗana yana ambatar ciwona ya ce a'a kar ma a rubuta, ba mai tambaya. Ƙanwata kuma ta kira wani kamfani ta faɗi gaskiya suka ce su ba sa ɗaukar ciwon da mutum yake da shi tun da can. Anti in yi shiru ne kamar yadda mai maktab ya ce, ko in haƙura da tafiyar? Wallahi ina son zuwa. Daga 'yar uwarki a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiyata. Sannu da jiki, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa kaffara ne ya kuma ƙara sauƙi, shi kuma yaron nan Allah ya yi masa albarka. Tafiya in likitanki ya amince za ki yi in sha Allahu. Amma shawarar mai maktab ɗin nan kar ki ɗauka ko kusa.

Shi fa gaskiya ya faɗa ta wani gefen, ranar yankan takarda ba lallai a tsananta tambaya ba. Tambayar tana can tana jiranki a gadon asibiti, in Allah ya kiyaye wani abu ya faru. Kinga yadda abin yake tafiya, an kwantar da ke a Trabzon, ɗanki ya kira lambar gaggawa da ke jikin takardar, su kuma kafin su ce wa asibiti mun ɗauki nauyi sai sun nemi rahoton likitan da ya duba ki a can, sau da yawa har da fayil ɗinki na nan gida. Likitan can kuwa ke da bakinki za ki gaya masa komai don ranki kike so ya ceta, ko ba ki faɗa ba ga tabon aiki a ƙirji ga tamoxifen a jaka. Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. Da sun ga an tambaye ki an ce kina da wani ciwo kin ce babu, suna da damar su ƙi biya, wani lokacin ma su soke takardar gaba ɗaya, har abin da ba ruwansa da sankara ya bi ruwa. Shi mai maktab a lokacin yana Jidda yana shan shayinsa, kuɗin kamishonsa ya daɗe da shiga aljihu.

Wannan ta'amin mai arha na fayil ɗin biza ba na bogi ba ne, amma ki san me kika saya. An yi shi ne don haɗari da ciwon da ya faɗo wa mutum bagatatan, santsi ya kwashe ki a Uzungol, wurin shaƙatawan nan na yankin Trabzon, kin karye, ko kin ci abin da ya ɓata miki ciki. Kusan dukansu in kika buɗe shafin abubuwan da aka cire, wanda da Larabci za ki ga an rubuta istisna'at, akwai layin da ya ce ban da ciwon da mutum yake da shi kafin ranar saye da duk abin da ya biyo bayansa. Wannan "abin da ya biyo bayansa" ɗin shi ne wurin da ake kuka. Misali jini ya daskare miki a ƙafa bayan zaman jirgi, ke za ki ce sabon abu ne ban taɓa yi ba, su kuma likitansu zai ce ai sankara tana ƙara haɗarin daskarewar jini, tamoxifen ma haka, to yana da alaƙa, kuma a likitance ba ƙarya ya yi ba. Ko na bizar Turai ta Shengen da ake ta yi wa kallon babba saboda dokarsu ta ce dole ya kai Yuro 30,000 ya kuma haɗa da kuɗin dawo da mara lafiya gida, wannan adadin sharaɗin ba da biza ne kawai, bai hana kamfani cire tsohon ciwo ba.

To sai me? Kamfani ɗaya ƙanwarki ta kira, kuma na tabbata tambaya ɗaya ta yi ta ajiye waya ranta a ɓace. In mutum ya faɗi gaskiya amsa iri uku ake samu. Wasu su ce ba za su sayar miki ba sam. Wasu su sayar miki amma su rubuta cewa ban da sankarar da danginta, sauran abubuwa kuma suna ciki. Wasu kuma, kuma su ne 'yan kaɗan, su yi miki tambayoyi su ƙara kuɗi su ɗauki gaggawar da ta shafi ciwon. Na ukun nan ake nema, in ba a samu ba na biyun ba abin yarwa ba ne matuƙar kin san da shi kika tafi.

Kafin a sake kiran kowa ki fara zuwa wajen likitanki na sankara, ki ce masa ga inda za ni ga kwanakin, ki roƙi takrir, wato rahoton likita, da Turanci wanda ya faɗi irin ciwon, matakin da aka same shi, ranar da aka gano, ranar kimo da gashi na ƙarshe, ko ya bazu ko bai bazu ba, magungunan da kike sha, da layi ɗaya ƙarara cewa kin isa hawa jirgi da yin wannan tafiyar. Waɗannan su ne dai tambayoyin da kamfani zai yi, in takardar tana hannun ɗanki ba zai riƙa kame-kame a waya ba. Layin ƙarshen nan kar ki bari a manta shi, don ban san takardar inshorar tafiya da take biyan wanda ya yi tafiya likita ya hana shi ba. Sannan ki duba ko akwai wani hoto ko gwajin jini da aka yi miki ba a ba ki sakamako ba tukuna, in akwai ki jira ya fito, kamfanoni ba sa son mai jiran sakamako ko kaɗan, ga shi ke kanki hankalinki zai fi kwanciya.

Daga nan ɗanki ya bi kamfanonin da ke da lasisi a nan, kai tsaye ko ta hannun wasiɗ, wato dillalin inshora, mai lasisi, ba ta bakin mai sayar da tikiti ba. Tun 2023 Hai'atut Ta'amin, wato hukumar inshora ta Saudiyya, ce ke kula da su, da can aikin yana hannun Babban Bankin Saudiyya ne, ana iya duba sunan kamfani a wajensu, kuma in rigima ta taso akwai inda za a kai ƙara. Tambayar da zai yi ita ce, mahaifiyata tana da kaza, ga takrir, in gaggawa ta taso a Turkiyya mai alaƙa da wannan ciwon za ku biya ko ba za ku biya ba? Ya ce su amsa masa a rubuce ta imel. Maganar baki ta yaron da ke kan waya ba ta tsayawa a gaban kowa. Ya kuma tambayi nawa ne tahammul, wato kason da ku za ku fara biya daga aljihu, da ko akwai jirgin ɗaukar mara lafiya zuwa Jidda, da ko za su biya masaukin wanda ya zauna jinya in kwanaki sun wuce, da kuɗin tikiti da otal in likita ya soke tafiyar ana saura kwana uku. Na tafiya ɗaya za ki nema, na shekara ya fi wuyar samu ga mai tarihin sankara.

Abu biyu da mutanenmu ke jingina da su su faɗi. Katin ta'amin na wajen aikin maigida ko na ɗa, asalinsa na cikin Mamlaka ne, wato Saudiyya, sai in babban aji ne da aka rubuta masa gaggawa a waje, a kira a tambaya tukun. Da kuma wanda ke zuwa kyauta da katin banki, shi ma yawanci layin cire tsohon ciwon nan yana ciki. Yaran zamani kuma za su hau intanet su samo miki kamfanonin Ingila da suka ƙware a kan masu sankara, su zo da murna, to waɗancan mazauna Ingila masu likita a can suke sayar wa, in an cika fom da adireshin wani ɗan uwa a Landan an koma gidan jiya kenan.

In an zagaya duka ba a samu mai ɗaukar sankarar ba, ni a ganina wata bakwai bayan gama magani, jiki lafiya, likita ya sa hannu, tafiyar awa huɗu ko ƙasa da haka a jirgi, ba dole ba ne ki haƙura. Ki sayi wanda ya cire ciwon bayan kin bayyana shi, ku zauna da yaran a ware kuɗi na musamman a kati wanda ba na sayayya ba ne, a kuma sayi tikitin da ake iya canza masa rana. Da Amurka ce ko Kanada da na ce miki a'a, don kwana biyu a asibitinsu sai ya cinye gida. Ki kuma sani Uzungol ɗin da kowa ke ɗaukar hoto kusan kilomita 100 ne daga cikin Trabzon kuma hanyar dutse ce, ku kwana a gari ku riƙa zuwa ku dawo. Lambar gaggawa a Turkiyya 112 ce.

Sai 'yan ƙanana. Magani a jakar hannu cikin kwalinsa, da ƙarin na sati guda. A jirgi ki riƙa tashi kina takawa, ki sha ruwa, ki tambayi likita ko za ki sa safar matsi, da hannun riga na matsi in hannun da aka yi wa aiki yana kumbura. In bayan kin sayi takardar aka canza miki magani ko aka ga wani abu a hoto, a sanar da kamfani kafin tashi. Khuruj wa auda kuma, wato bizar fita da dawowa, kar a yanka shi cif-cif da kwanakin tafiya, a ba shi rata, a kuma tabbatar igama tana da sauran rai, don kar a ce an kwantar da mutum a waje ga kuma takardun komawa suna mutuwa. In kin dawo ki rubuto min ki ba ni labarin shayin Rize.

TAMBAYA: Anti ni mijin mai jinya ne daga Makka, Shari'u Mansur. Wani ya ce min inshora caca ce, haramun. Ya abin yake?

AMSA: Malam ni ba malama ba ce, fatawa ka je wajen masu ita. Abin da na sani shi ne malamai sun raba abin gida biyu. A 1977 Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta halatta ta'amin na taimakekeniya, wanda ake cewa ta'awuni, haka ma Majalisar Fikihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda a 1985 ta hana na kasuwanci zalla ta halatta na taimakekeniya. Kamfanin farko na irin wannan a Sudan aka kafa shi a 1979, Bankin Faisal na Musulunci ne ya kafa. Dokar nan ƙasar kuma a kan tsarin ta'awuni take ba kamfanoni lasisi. Akwai malaman da har yanzu suke da magana a kan yadda wasu kamfanonin ke gudanar da shi, shi ya sa na ce ka tambayi wanda ka yarda da iliminsa. Ɓoye ciwo a fom dai ban ji malamin da ya ce ya halatta ba.

TAMBAYA: Anti ina tsakiyar kimo, saura zagaye uku, ina son in leƙa Kano hutun sati biyu tsakanin zagaye in ga mahaifiyata. Zan samu ta'amin?

AMSA: Ƙanwata Allah ya ba ki lafiya. Samun mai ɗaukar wanda ke tsakiyar kimo yana da wuya ƙwarai, ga shi wasu takardun ma ba sa aiki a ƙasar da mutum ke riƙe da fasfonta, sai an duba. Amma ni ba takardar ce ta fi damuna ba. Kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye shi ne lokacin da sojojin jini suka fi yin ƙasa, wato daidai kwanakin da kike son ki kasance a Kano cikin 'yan sannu da zuwa da sauro, kuma a wannan halin zazzaɓin da ya kai 38 ba na fanadol ba ne, na asibiti ne a cikin awa guda. Ga allurar shawara ta katin yalo, in ba ki taɓa yi ba ba a yi wa mai kimo, don ƙwayar cutar da ke ciki mai rai ce. Ki kai wa likitanki maganar, amma in ni ce kuɗin tikitin nan zan juya a nemo wa Hajiya bizar Umra ta zo ta same ki, ki gama zagaye ukun tana kusa.