Sa hannun shugaban cibiya ya wadatar?

Tambaya: Ni ɗaliba ce, ina binciken digiri na biyu kan manya masu lalurar ƙarancin fahimta da ke zaune a wata cibiyar kula da su. Shugaban cibiyar ya sa hannu, iyayensu ma sun amince. Dole ne sai na sake neman yardarsu su da kansu?

Amsa: Dole ne, 'yar'uwa. Shugaba ƙofar gini ya buɗe miki, amma wanda za ki zaunar ki yi wa tambayoyi shi ke da ta cewa.

Akwai dalilin wannan tsanani. A makarantar Willowbrook da ke New York a Amurka, daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa farkon 1970, likitoci sun sa wa yara masu irin wannan lalura ƙwayar ciwon hanta da gangan don gwaji. Iyaye sun sa hannu fa! Sai dai akwai lokacin da makarantar ta cika maƙil, ba a samun gurbi sai a sashen gwajin. Ina zaɓi a nan? Haka kuma, sashe na 15 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin naƙasassu ya haramta gwajin likitanci ko na kimiyya a kan mutum ba da yardarsa ba.

Kada ki yanke cewa ba za su gane ba. Wanda lissafin kuɗi ya gagara yana iya gane cewa za a naɗi muryarsa, kuma yana da damar ƙi. Ki yi bayani da gajerun jimloli da hotuna, ki tafi, ki dawo wata rana.

Abin da ya fi damuna shi ne "to". Da yawansu sun saba amsa "to" ga duk wanda suka ga alamar iko tare da shi. Don haka kada ki ce "kin gane?". Ki ce wa wadda za ki yi wa tambayoyi ta faɗa miki da bakinta me za a yi, me zai faru in ta ƙi. Ma'aikacin da ke ba ta abinci kuwa kada ya zama shi ne mai neman yardar.

In ta tabbata mutum ba zai iya yanke shawara ba, sanarwar Helsinki, wato ƙa'idojin Ƙungiyar Likitoci ta Duniya kan binciken lafiya a kan mutane, ta yarda wakilinsa na doka ya ba da izini, bayan kwamitin ɗa'ar bincike ya amince. Ko a hakan, in ya kau da kai, ko ya tashi ya nufi ƙofa, ki kashe rikoda.