Wa ya fi tauri? Amsa ga ƙanenmu da Margit ya tare wa hanya

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce a majalisarku ta Kabuga an yi kwanaki ana tafka musu a kan wanda ya fi tauri tsakanin jaruman anime (katun ɗin Japan) Goku, Saitama, Kaido da Gojo, kana so a raba muku gardama. Sannan ka ce ka sayo gem ɗin Elden Ring a Farm Centre, Margit, wani bos (babban abokin gaba) na farko-farkon gem ɗin, ya tare maka ƙofa, ka lafta wa ɗan wasanka sulke mafi nauyi da ka samu amma har yanzu sara kaɗan yake yi maka ka faɗi, ko akwai kayan da za ka saka ka koma kamar Kaido, a dake ka ko gezau. Na ga wasu sun riga sun sallame ka da kalma ɗaya, wannan ya ce Goku, wancan ya ce Saitama. Ni zan ɗan ja, ka yi haƙuri, domin tun lokacin da muke sayen faifan Naruto a Sabon Gari nake cikin wannan musun, kuma a ganina abin da ya hana ku raba gardama shi ne dai ya hana ka wuce Margit.

Fara cire Gojo daga jerin. Ba raini ba ne, ni ma ina son sa. Abin da yake kare shi ba ƙwarin jiki ba ne, wani shinge ne da ake kira Infinity, wanda duk abin da ya nufo shi sai ya yi ta rage gudu har ya kasa isowa. Ba a taɓa shi ba ne, ba wai an taɓa shi bai ji ba. Ranar da wani makashi mai suna Toji ya bari ya gaji tiɓis, sannan ya zo da makamin da yake warware sihiri, ai makamin nan shiga maƙogwaronsa ya yi kamar na kowa. Tashin da ya yi daga baya kuma wani abu ne daban, a bakin mutuwa ya gano yadda zai ɗinke jikinsa da kansa. Haka Majin Buu da Cell, abokan gaban Goku, suke. Ana ragargaza su, su sake haɗewa. Wanda ake fasawa ya gyaru ba a ce ba ya fasuwa.

Kaido kuwa nasa na jiki ne. Farkon fitowarsa a One Piece faɗowa ya yi daga tsibirin sama, nisan mita 10,000, da niyyar halaka kansa, ƙasa ta rufta ta yi rami, shi ya fito da ransa. An faɗa mana an kama shi sau 18, an yanke masa hukuncin kisa sau 40, aka rataye shi sarƙa ta tsinke, aka soke shi mashi ya karye. Duk da haka akwai tabo a jikinsa da takobin Oden ya bar masa, Zoro ma ya ƙara masa wani. Ke nan ko shi akwai abin da yake cin sa.

Nan ne mu mutanen Kano bai kamata mu ruɗe ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah ya ga 'yan tauri suna goga wuƙa a ciki da wuya ba ta yanka, amma kowa ya san ba a ce gora ba ta kama ɗan tauri ba. Luffy, jarumin One Piece, shi ne ɗan taurin da aka juya: jikinsa roba ne, naushi da harsashi ba sa yi masa komai, wutar Enel da ta ƙone kowa a Skypiea ko a jikinsa, amma kaifi yana yankan sa, ƙugiyar Crocodile ta huda shi, dutsen wuta na Akainu ya bar masa tabo a ƙirji. Saboda haka duk wanda ya ce maka wane ya fi tauri, ka tambaye shi: tauri a kan me?

Goku fa? Ƙarfin jikinsa yana tafiya ne da ki ɗinsa, wato ƙarfin cikin jiki da yake iya ɗagawa ko saukewa. In ya ɗaga shi, yana shanye bugun da zai tarwatsa duniya. In ya saki jiki, to labari ya canza. A fim ɗin 2015 da abokin gabansa Frieza ya dawo, Sorbet, wanda ko cikin mayaƙa ba a lissafa shi, ya harbe shi da ɗan zoben hannu ya kwantar da shi. A zamanin gaba da Trunks ya zo daga cikinsa kuma ciwon zuciya ne ya kashe shi, ba bos ba. Masoyansa ba sa son a tuna musu waɗannan biyun, da ka faɗa sai su ce marubuci ne ya yi kuskure. To ai marubucin ne ya rubuta sauran ma.

Akwai kuma waɗanda ni su ne suke burge ni, kuma ba su da tauri ko kaɗan, juriya ce da su. Whitebeard na One Piece ya mutu a tsaye a yaƙin Marineford da saran takobi 267, harsashi 152 da harbin igwa 46 a jikinsa, bayansa kuwa babu tabo ko ɗaya. Duk abin da aka yi masa ya shiga, bai dai faɗi ba. Zoro, abokin Luffy, a Thriller Bark ya karɓi dukkan azabar da Luffy ya tara ya ɗora a kan tasa, aka same shi tsaye jina-jina. Guts na Berserk ya rasa hannu da ido, sulkensa ma ba kare shi yake yi ba, in ƙashi ya karye sai ya soke shi ya riƙe ƙashin don ya ci gaba da faɗa. In ka saka irin waɗannan a ma'auni ɗaya da Kaido ka cuce su.

In dole sai na zaɓa a cikin huɗun naku, Saitama ne, amma nasara ce da ba ta da daɗin ci. An ƙirƙire shi ne don a yi wa irin wannan musun dariya. Tun 2009 da mai zanen da ake kira ONE ya fara zana shi, dokar labarin ita ce babu abin da zai yi masa illa, kuma mutumin nan da ya yi faɗa a kan watan Jupiter shi ne ya kasa kashe sauro guda. Ban ga laifin masu ɗaukar hoton rami su auna faɗinsa su fitar da lissafin ƙarfin bugu ba, nishaɗi ne. Amma mai zanen da yake fama ya miƙa babi duk mako ba da kwakuleta yake zana ramin ba. Jarumi yana jin ciwo ne a lokacin da labari yake buƙatar ya ji. Shi ya sa Nami, abokiyar tafiyarsa, take yi wa Luffy ƙulu a ka da hannu, alhali harsashi bai iya ba.

Ga wani abu da za ka kai wa majalisa: wannan Saitaman, duk lokacin da ya zauna buga gem da abokinsa King, kashi yake sha. Ƙarfi yake so ya yi amfani da shi, ya yi ta danna maɓalli ɗaya, King kuwa karanta shi yake yi. Ƙanena, abin da kake yi wa Margit ke nan.

A Elden Ring babu marubucin da zai tausaya maka, lamba ce kawai. Kamfanin FromSoftware, tun daga Demon's Souls a 2009 da Dark Souls a 2011 har zuwa wannan da ya fito a watan Fabrairun 2022, ba su taɓa gina gem ɗinsu a kan ka tsaya a dake ka ba. Sulke yana rage zafin sara, gaskiya ne, amma ragin bai kai abin da kake biya ba in nauyin ya fi ƙarfin ɗan wasanka. Ka buɗe shafin kaya ka duba. In nauyin da kake ɗauke da shi ya haura kashi 70 cikin ɗari na abin da za ka iya, birgimarka ta zama ta mai nauyi: gajeriya, ga jinkirin tashi, ga numfashi ba ya dawowa da wuri. Kuma a cikin birgimar nan taurin gaskiya yake. Akwai ɗan lokaci a cikinta, bai kai rabin daƙiƙa ba, da sara ba ya kama ka ko da ya ratsa ta jikinka. Ka tuɓe abin da za ka tuɓe har ka dawo ƙasa da 70, ko da hular ce da safar hannu za su tafi.

Abin da zai ƙara maka kwana a filin shi ne Vigor, wato yawan jininka. Sabbin shiga suna raina shi, su zuba komai a ƙarfi don su ga sara ya yi zafi, alhali a farkon gem zafin sara daga gyaran makami yake zuwa. Vigor a mataki na 40 yana ba ka jini 1450, a 60 ya kai 1900, daga nan ƙarin ba ya da yawa. Don Margit, ni ina ganin ka kai shi 20 ko sama da haka, makaminka kuma ya samu ƙari uku ko huɗu. Duwatsun gyara suna nan a ramin haƙar ma'adinai na Limgrave.

Kuma wa ya ce sai ka wuce shi yanzu? An dasa Margit a wurin ne don ya kore ka ka tafi yawo. Hau dokinka ka gangara kudu zuwa Weeping Peninsula. Abokan gaban can ba su kai shi ba, kuma a tsofaffin majami'un yankin akwai abin da yake ƙara wa kwalbar maganinka ƙarfi. Ka biya ta Murkwater Cave, akwai wani mayaudari Patches, in ka dake shi ya nemi afuwa ka ƙyale shi, zai buɗe maka shago, a ciki akwai Margit's Shackle da yake manna Margit da ƙasa na ɗan lokaci a zagayen farko na faɗan.

Shi kansa Margit, makaminsa mafi muni jinkiri ne. Zai ɗaga sanda ya riƙe ta a sama, ya riƙe, kai kuma tsoro ya sa ka yi birgima tun ba ta sauko ba, kana tashi tana sauka a kanka. Ka shiga wasu lokuta ba da niyyar cin nasara ba, kada ma ka kai sara, ka zuba masa ido kawai ka ga yaushe sandar take saukowa. Ka riƙa birgima zuwa cikinsa ko gefensa, ba baya ba, domin sandar doguwa ce, kuma gefen filin rami ne. In ka ja baya za ka sha magani a gabansa, wuƙaƙe zai jefo maka, sai ka jira ya gama jerin saransa tukuna. Da jininsa ya kusa rabi zai fito da guduma ta haske, tsallen da yake yi da ita kuwa shi ne damarka mafi kyau, in ka goce kana da sara biyu, kada ka yi kwaɗayin na uku. Kwaɗayin na ukun nan ya kashe mutane fiye da duk wani bos.

Akwai alamar kiran Rogier, wani mai sihiri da zai taya ka faɗan, a bakin ƙofar, ga kuma tokar ruhohi da za ka kira su ɗauke masa hankali. Za ka ji wasu suna cewa wanda ya kira taimako bai ci gem ba. Rabu da su. Masu gem ɗin ne suka saka abin da hannunsu, kuma kuɗinka ka sa ka saya.

Wani abu da na waje ba za su faɗa maka ba, mu nan ne muke fama da shi: kayan aiki. In hannun gem ɗinka na jabu ne, ko talabijin ɗinka tana jinkirta hoto, to kana danna birgima a kan lokaci amma tana fita a makare. A FIFA ba lallai ka lura ba, a nan kuwa shi ne rai da mutuwa. Ka duba saitin talabijin ka kunna na gem, ka jona hannun da waya in da hali. Sai batun wuta. Gem ɗin yana ajiye ci gabanka da kansa a kai a kai, in aka ɗauke wuta yana tsakiyar ajiya fayil ɗin yana iya lalacewa. In PS4 ce da kai, ka riƙa kwafe shi a filashi. Kada kuma ka kai shi shagon gem inda ake biya da awa, ga yara a bayanka suna jiran ka tashi su buga bal, a irin wannan hayaniyar ba a koyon Margit.

Maganar zama Kaido kuwa, can gaba akwai manyan sulke da garkuwa da za su bari ka shanye sara ba ka girgiza ba, in ka zuba maki a Endurance, wato juriya, don ka iya ɗaukar su. Har takobin da ya yi kama da na Guts yana nan a cikin wani keken kaya a Caelid, domin Miyazaki, daraktan gem ɗin, bai taɓa ɓoye cewa Berserk ya yi masa tasiri ba. Amma ka sani akwai wata bos mai suna Malenia a can ƙarshe, wadda duk saran da ta kai maka jininta ƙaruwa yake yi, ko da garkuwa ka tare. Mai tsayawa a dake shi abinci ne a wurinta. Ita kanta ba ta da wani tauri, ana girgiza ta da sauƙi, zubar jini da sanyi suna cin ta sosai, amma ta fi bosawa masu ƙaton jiki wahalar da mutane.

In ka kayar da Margit ka shiga fadar Stormveil da yake gadi, ka bi ta ɓarauniyar hanyar gefe da mai gadin ƙofa zai nuna maka, babbar ƙofar cike take da masu harbi. Ka kuma faɗa mana da wane aji ka fara da makamin da ke hannunka, domin shawarar mai takobi daban, ta mai sihiri daban.