Masana'antu ko daji, dole sai an zaɓi ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kullum ana ta ce mana a kare daji a kare koguna, to amma ga matasa nan birjik ba aikin yi, kuma ai ƙasashen da suka ci gaba sai da suka ɓata nasu kafin suka yi kuɗi. Ba gara a bar masana'antu su yi aikinsu ba, in arziki ya samu sai a dawo a gyara? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Maganar aikin yi gaskiya ce, ba mai musu, amma wannan "a gyara daga baya" ɗin ne ban yarda da shi ba sam.

Ka duba Koriya ta Kudu. Bayan yaƙin da ya tsaya a 1953 duwatsunsu da yawa ba bishiya, an sare an yi girki an ɗumama ɗaki. A 1973 gwamnatin Park Chung-hee ta fara shirin dashen itatuwa na shekara 10, kuma a shekarar nan dai kamfanin POSCO ya fara narka ƙarfe a Pohang, ka ga tare aka tafi da su ba wanda ya jira wani. Yau sama da kashi 60 cikin 100 na ƙasar daji ne. Kuma fa ba dashen kaɗai ya yi aikin ba, mutane ne suka samu kwal na girki suka ajiye gatari, da an bar su ba makamashi wallahi ko an dasa sai sun sare.

Ƙasar Kosta Rika da ke Amurka ta Tsakiya ma tun dokar 1996 take biyan masu filaye don su bar daji a tsaye, da kuɗin harajin man fetur.

Inda abin ke min ciwo shi ne kogin Yangtze na China. Akwai wata dabbar ruwa da ake kira baiji, a 2006 masu bincike suka bi kogin makonni ba su ga ko guda ba. A 2021 aka hana kamun kifi a kogin na shekara 10, kifaye sun fara dawowa, amma ita baiji shiru har yau duk da kuɗin China.

Don haka a gina masana'antu, ina goyon baya, sai dai kar a ba kamfani lasisi sai an ga injin tace ruwan dattinsa yana aiki, kuma a riƙa auna ruwan kogin a kai a kai ana faɗa wa jama'a sakamako, wanda ya karya doka a rufe shi komai girmansa.