Sikilar ɗanki ba daga maganin da kika sha da ciki ta fito ba

Wa alaikumus salam. Ƙanwata da ta rubuto daga Daura, sannu, Allah Ya ba yaro lafiya. Kin ce yaranku biyu na farko lafiya lau, na ukun yana wata takwas hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, aka gwada aka ce SS ne, yanzu dangin maigida na cewa ƙwayoyin da kika sha da ciki ne suka juya masa jini. Kina son ki san ko gaskiya ne, kuma me ke sa ƙwayar halitta ta canza. Na daɗe ina aikin gwajin jini a nan Katsina, kuma ƙanena da muke ciki ɗaya sikila ne, shi ya sa ban iya wuce tambayarki ba.

Ki kwantar da hankalinki. Babu wani magani, ko abinci, ko allura da ta sa masa wannan. Tun ranar da cikin ya shiga aka gama magana, rabi daga gare ki, rabi daga babansa.

Abin da ake kira DNA rubutu ne mai tsawon gaske da ke cikin ƙwayoyin jikinmu, kuma haruffa huɗu kacal aka rubuta shi da su: A, T, G da C. Abin da mutum ya gada daga uwa ya kai harafi biliyan 3, na uba ma haka. Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu sai an kwafe rubutun nan kaf. Jiki yana da masu bi suna gyara kuskure, amma jefi-jefi wani yakan kuɓuce. Ki dubi “baki” da “baƙi”: lanƙwasa ɗaya ce tsakaninsu, amma magana ta canza. Sikila haka take. A wurin da aka rubuta yadda za a haɗa himogulobin, wato abin da ke ɗaukar iska a cikin jini, harafi ɗaya ne ya sauya, GAG ya koma GTG. Idan iska ta yi ƙaranci a jini, sai jajayen ƙwayoyin su ƙage su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Ciwon ƙashin da ke hana su barci ke nan. Kuma lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, tasu ko daga 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa jini ke yawan yi musu ƙaranci, ido ya yi ɗorawa.

Sai dai wannan sauyin ba a jikinki ya faru ba, ba kuma a jikin mijinki ba. Ya faru ne a jikin wani kaka shekaru dubbai da suka wuce, aka yi ta gadonsa. Dalilin da ya sa bai ɓace ba shi ne sauro. Tun 1954 wani likita, Anthony Allison, ya nuna a Gabashin Afirka cewa yaro mai AS, wato wanda ya gaji S ɗin sikila daga ɗaya kawai cikin iyayensa, ya fi tsira daga maleriya mai tsanani. Masu AS suka rayu, suka hayayyafa, har ta kai yau kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da S ɗin, mafi yawa ba su ma sani ba.

To ke AS, shi AS. Ki ɗauka kowannenku yana riƙe da goro biyu, fari da ja, ya rufe ido ya miƙa wa jariri ɗaya. Ana iya dacewa da fari biyu, ko gauraye, ko ja biyu. Ja biyun shi ne SS, kuma ɗaya cikin huɗu ne a kowane ciki. A kowane ciki fa, ba a kowane yara huɗu ba. Nan mutane ke ruɗewa. Na ga gidan da aka haifi shida ba ko ɗaya, na ga matar da ta zo min da uku a jere duk SS, tana goye da ɗaya, tana jan biyu. Abin da ya sa kuma ba ku ga komai ba sai bayan wata shida, jariri yana zuwa da wani irin himogulobin na cikin ciki wanda ba ya lanƙwashewa, sai ya fara ƙarewa ciwon ke bayyana.

Dangin mijinki ba su yi ƙarya ba a abu ɗaya: akwai abubuwan da ke lalata rubutun nan. Amma galibinsu a jikin mai su suke tsayawa, ba a gadar wa 'ya'ya, kuma abin da suke haifarwa ciwon daji ne. Hayaƙin taba na yi wa huhu. Zafin rana na yi wa fata, shi ya sa zabiya ke buƙatar malafa da riga mai dogon hannu fiye da kowa. Wanda ya fi damuna, don a ɗakin ajiyarmu yake, shi ne funfunar da ke kama gyaɗa da masara idan an ƙulle su a buhu ba su gama bushewa ba. Tana fitar da dafi mai suna afulatoksin, wanda ke ɓata rubutun ƙwayoyin hanta, balle ga mai ciwon hanta nau'in B. Gyaɗar nan mai ɗaci da ake tsincewa a ce a kai ta ƙuli, a zubar da ita kawai.

Ba kowane sauyi ne cuta ba ma. Kowane jariri yana zuwa da sababbi gommai waɗanda babu su a iyayensa, kuma yawancinsu ba sa yin komai. Wani ma alheri ne. Fulani da yawa suna shan ɗanyar madara har tsufa cikinsu bai ɓaci ba, alhali wani kofi ɗaya zai sha ya kwana zarya. Wannan ma sauyin harafi ɗaya ne.

Yanzu abin yi. Ki je da maigidan a gwada ku tare, a gwada manyan yaran, a bar shi ya ga takardarsa da idonsa. Sau da yawa na ga surutu ya mutu a nan, da namiji ya ga AS a gaban sunansa. Idan an taɓa ce wa ɗayanku AA kafin aure, a sake a wani wurin. Wata 'yar ƙawata haka wani ɗakin gwaji ya ba ta AA cikin minti goma, sai da ta haihu gaskiya ta fito. Wanda aka yi wa ƙarin jini kuma ya jira kamar wata uku kafin gwaji, in ba haka ba jinin wani za a karanta.

Shi kuma yaron, a yi masa rajista a asibitin masu sikila, kada a jira sai ciwo ya tashi. Ruwa da yawa, gidan sauro kullum, rigakafi a kan kari, folik asid da duk abin da likita ya rubuta. Ki tambaye shi batun haidiroksiyuriya, yana rage tashin ciwon sosai, amma sai da kulawar likita. Idan hunturu ya zo, kin san sanyin Daura, a rufe shi da kyau, ban da wankan ruwan sanyi da asuba. Jikinsa ya yi zafi, ko cikin dare ne, ku tafi asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Ƙanen nawa da aka ce ba zai kai makaranta ba, yanzu yana da shago a wajen Ƙofar Ƙaura da 'ya'ya biyu. Matarsa AA ce, ni na ɗebi jininta da hannuna kafin a kai kuɗin gaisuwa.